MAƘALAR MAKO: Sau Uku a Ƙofar Gidan Sir Kashim, Tarihin Takarar Isa Ashiru

Maƙalar wannan mako ta tarihi ce, sai dai tarihi ne na kusa, wanda da babban yatsan da yawanmu aka rubuta shi a rumfunan zaɓe na Kawo da Unguwar Dosa da Badarawa da Unguwar Shanu.

Bayan zaɓen gwamna na ranar 18 ga Maris 2023, hukumar INEC ta bayyana cewa Uba Sani na APC ya samu ƙuri'a 730,002, Isa Ashiru Kudan na PDP kuma ya samu 719,196. Tazarar ƙuri'a 10,806 ce. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, ke nan da mutum ashirin da biyu kacal a kowace mazaɓa sun sauya inda suka dangwala, da wani labarin muke bayarwa yau. Wannan shi ne karo na uku da Ashiru ya nemi kujerar gwamna bai samu ba, kuma kowace faɗuwa da irin kamanninta. Ta farko a hannun daliget ya yi ta, ta biyu a hannun gwamna mai ci, ta uku kuma cikin makonni ukun da suka raba zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna.

Kafin sharhi ya ɗau zafi, mun san a zauren nan akwai waɗanda suka yi masa wahala, akwai kuma waɗanda suka yi wa abokan karawarsa. Kamfen ba shi ya kawo mu ba. Mun saba rubuta tarihin waɗanda suka ci, su ne hotunansu ke rataye a ofisoshi, amma wanda ya faɗi ya fi nuna yadda jiha take, domin a kansa ake ganin inda ƙuri'a ta zo ta tsaya ta ƙi wucewa.

WANE NE, KUMA INA FAGEN YAKE

Isa Muhammad Ashiru mutumin Kudan ne a ƙasar Zazzau. Ya shiga majalisar dokokin jiha a 1999 a tutar PDP, ya yi zango biyu a zauren Lugard har 2007, daga nan ya wuce majalisar wakilai ta tarayya yana wakiltar Maƙarfi da Kudan har 2015. Shekara goma sha shida ke nan a majalisa, zaɓe huɗu a jere bai faɗi ko ɗaya ba. Mutum ne da ya san hanyar cin zaɓe a gida. Wahalarsa ta fara ne daga ranar da fagen ya faɗaɗa daga ƙananan hukumomi biyu zuwa ashirin da uku.

Jihar ta kasu shiyya uku. Ta ɗaya ita ce ta Zariya da maƙwabtanta, su Sabon Gari, Soba, Ikara, Kubau, Lere, Maƙarfi da Kudan. Ta uku ita ce Kudancin Kaduna, daga Kachia da Kagarko har Jama'a da Sanga. A tsakiya kuma akwai shiyya ta biyu, inda birnin nan yake. In muka ce arewacin kogi, ba ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa kaɗai muke nufi ba. Tudun Wada da Tudun Nufawa da Badiko a takarda Kaduna ta Kudu suke, Rigasa da Mando da Rigachikun kuma Igabi, amma duk tsallake ɗaya muke, kuma a zaɓukan baya-bayan nan sau da yawa murya ɗaya muke yi ranar zaɓe.

Gidan gwamnati, wanda aka sa wa sunan Sir Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966, a wannan tsallaken yake. Tun bayan rikicin Fabrairu 2000 da na Nuwamba 2002, da mutane suka riƙa tashi daga unguwannin da suka girma suna komawa inda 'yan uwansu suka fi yawa, kogin ya zama iyaka a zamantakewa, ya kuma zama iyaka a akwatin zaɓe. Mu riƙe wannan, domin shi ne zaren da ya ɗaure faɗuwar nan uku. Mu kuma lura da cewa mutanen biyu da suka kayar da Ashiru duk a nan suke kaɗa ƙuri'arsu, El-Rufa'i a Unguwar Sarki, Uba Sani a Kawo.

KARO NA FARKO: DISAMBA 2014

PDP ta riƙe jihar nan shekara goma sha shida, daga Ahmed Maƙarfi zuwa Namadi Sambo, zuwa Patrick Yakowa da ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa ranar 15 ga Disamba 2012, zuwa Mukhtar Ramalan Yero. Da aka haɗa APC a 2013 daga CPC da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA, Ashiru yana cikin 'yan PDP da suka sauya sheƙa zuwa sabuwar jam'iyyar, ya kuma nemi tikitin gwamna.

A zaɓen fidda gwani na Disamba 2014 ya kara da Malam Nasiru El-Rufa'i, tsohon ministan Abuja, wanda sunansa ya riga ya zagaye ƙasa kuma kowa ya san kusancinsa da Janar Buhari a lokacin. El-Rufa'i ya samu ƙuri'ar daliget 1,965, Ashiru ya samu 1,379. Tazarar 586 ce.

A lokacin mutane sun ɗauki abin a matsayin zaɓen cikin gida kawai. Bayan wata huɗu aka gane cewa a wancan zaure aka zaɓi gwamna. Duk wanda ya ga 2015 a garin nan ya tuna guguwar Buhari da kalmar "sak", daga sama har ƙasa. A zaɓen 11 ga Afrilu 2015, El-Rufa'i ya samu 1,117,635, gwamna mai ci Ramalan Yero ya tashi da 485,833. Da wuya a ce wanda duk ya riƙe tsintsiya a wannan shekara zai faɗi. Shi ya sa wasu masu bin siyasar jihar ke ganin Ashiru bai taɓa kusantar Gidan Sir Kashim kamar yadda ya kusance shi a 2014 ba, lokacin da mutum ɗari uku kacal, in sun sauya ra'ayi, sun isa su ba shi tikiti. A wannan karon ne kaɗai ya tsaya a jam'iyyar da ƙuri'ar arewacin kogi ke hannunta tun kafin a buga ganga.

KARO NA BIYU: MARIS 2019

Kafin zaɓen 2019 Ashiru ya koma PDP, ya kuma ci tikitinta a gaban manya irin su Sanata Sulaiman Hunkuyi da tsohon gwamna Yero. A ido, lokaci ne mai kyau ga ɗan adawa. A 2017 gwamnati ta sallami malaman firamare 21,780 bayan jarrabawar gwaji, ta kuma rage yawan gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, dubban dagatai suka rasa albashi. APC kanta ta dare. A Fabrairu 2018 aka rushe ginin da ke kan titin Sambo wanda ɓangaren Hunkuyi ya mayar ofishin jam'iyya, a Maris kuma majalisar dattawa ta ƙi amincewa da bashin dala miliyan 350 na Bankin Duniya da jihar ta nema, sanatocin jihar uku duk suna gaba wajen ƙin amincewa. Kusan kowane gida akwai mai ƙorafi.

Sai gwamna ya sauya lissafin gaba ɗaya. Tun 1999 al'adar ita ce a haɗa Musulmi da Kirista a tikiti: Maƙarfi da Stephen Shekari sannan Yakowa, Namadi da Yakowa, Yakowa da Yero, Yero da Nuhu Bajoga, El-Rufa'i da Barnabas Bala Bantex. A wannan karon El-Rufa'i ya ɗauko Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe, Musulma daga Sanga, har ya faɗa a wata hira cewa ko Fafaroma ya ɗauko a matsayin mataimaki akwai da yawa da ba za su zaɓe shi ba. Ashiru ya bi tsohuwar al'ada, ya ɗauki Sunday Marshall Katung.

Kowa da yadda yake kallon wancan mataki, kuma muhawararsa ba ta ƙare ba har yau. Amma a lissafin ƙuri'a abin a fili yake. Gwamna ya haƙura da yankin da ya san ba zai samu ba, ya ƙulle wanda yake da shi. Shi kuma Ashiru, Musulmi ɗan Zazzau, sai ya wayi gari a unguwanninmu ana kallon tikitinsa a matsayin na tsallaken kogi. Mai ƙorafin kora daga aiki da mai ƙorafin rusau suka samu wani ma'auni na daban da za su auna zaɓe da shi. Ga kuma Buhari da ya sake cin jihar makonni biyu kafin nan.

Ranar 9 ga Maris 2019, El-Rufa'i ya samu 1,045,427, Ashiru ya samu 814,168. Ya tafi kotu, shari'a ta kai kotun ƙoli, ta tabbatar da El-Rufa'i a Disamba 2019. Adalci ne mu faɗi cewa ya yi aiki. Ya tarar da jam'iyyar da ta faɗo ƙasa da rabin miliyan, ya ƙara mata ƙuri'a fiye da 328,000 cikin zaɓe ɗaya, ya kuma rage tazarar daga sama da 630,000 zuwa 231,259. Amma bangon da ya tare shi a birnin nan da Igabi da Zariya bai tsage ba.

KARO NA UKU: MARIS 2023

A Mayu 2022 ya sake cin tikitin PDP da ƙuri'ar daliget 414, Sani Sidi ya zo na biyu da 260. Wannan ne zaɓen da Kwamared Shehu Sani na Tudun Wada ya tashi da ƙuri'a biyu, ya kuma fito ya ce shi bai bai wa daliget ko sisi ba. Ashiru ya ɗauki Dakta John Ayuba mataimaki. A APC kuma Sanata Uba Sani ya samu tikiti, ya riƙe Dakta Hadiza.

In akwai shekarar da komai ya tsaya wa ɗan adawa, to wannan ce. Buhari ba ya kan takardar zaɓe, El-Rufa'i ya gama zangonsa. Jihar ta sha wuya a hannun 'yan bindiga: ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka a Maris 2021, na jami'ar Greenfield a Afrilu, na makarantar Bethel Baptist a Yuli, harin NDA a Agusta, sannan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. An yi yajin aikin ƙungiyar ƙwadago na Mayu 2021 da ya tsayar da garin cak, an ƙara kuɗin makaranta a jami'ar jiha, 'yan kasuwa da dama sun rasa rumfunansu a aikin sabunta birni. A kan wannan duka sai ga canjin kuɗi, muka kwana a layin banki muna neman namu na kanmu.

Ranar 25 ga Fabrairu 2023 fushin ya fito. Atiku Abubakar ya ci jihar da 554,360, Bola Tinubu ya samu 399,293, Peter Obi 294,494, Rabi'u Kwankwaso 92,969. PDP ta kwashe kujerun sanata uku duka, da goma daga cikin kujeru goma sha shida na majalisar wakilai. A majalisun shayi an riga an fara kiran Ashiru gwamna. Abin da ba a tsaya aka duba ba shi ne, ko a wannan rana mazaɓar tarayya ta Kaduna ta Arewa ba ta bi iska ba, Bello El-Rufa'i na APC ne ya ci.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Ranar 3 ga Maris kotun ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, abin da ya ba APC ta jiha damar cewa ita ma ta yaƙi canjin kuɗin. Tinubu ya riga ya ci ƙasa, hujjar a yi jam'iyya ɗaya da Abuja ta koma hannun APC. Hukumar zaɓe ta ɗage zaɓen gwamna daga 11 zuwa 18 ga Maris don sake saita na'urar BVAS, wanda ya tsorata ya samu ƙarin mako guda na shiga lungu-lungu. Batun tikiti da addini kuma ya dawo da ƙarfinsa, a wa'azi da saƙonnin WhatsApp, ta ɓangarorin biyu.

Yanzu mu ajiye surutu mu dubi alƙaluma. Tsakanin Fabrairu da Maris, APC ta tashi daga 399,293 zuwa 730,002, ƙarin fiye da 330,000. PDP ta tashi daga 554,360 zuwa 719,196, ƙarin kusan 165,000. Labour ta sauko daga 294,494 zuwa 58,283 da Jonathan Asake ya samu, NNPP kuma daga 92,969 zuwa 21,405 na Hunkuyi. Jimillar ƙuri'un jam'iyyun huɗu ta ƙaru da kusan 188,000.

Abin da muke karantawa a nan shi ne, Labour ta zubar da ƙuri'a sama da 236,000, amma ƙarin da Ashiru ya samu bai kai haka ba. In har kaso mai tsoka na masu zaɓen Obi gare shi suka koma, kamar yadda sakamakon Chikun da Kudancin Kaduna ya nuna, to akwai waɗanda suka zaɓi Atiku a Fabrairu suka bar lema a Maris. Sun yi abin da muke kira shinkafa da wake, kuma a wannan tsallaken da Igabi da Zariya, inda APC ta samo ratar da ta cece ta, nan ne ya kamata a neme su. Sun huce haushinsu a zaɓen Abuja, da aka zo na gida suka koma inda suka saba.

Akwai lissafi na biyu. In aka kwatanta da 2019, APC ta yi asarar ƙuri'a 315,425, amma shi ma Ashiru ya ragu da 94,972. Wato tazarar ta tsuke ne saboda abokin karawa ya sauko, shi bai hau ba. Da ya maimaita adadinsa na 2019 kawai, da ya ci da rata mai faɗi. Sannan ƙuri'un Asake da Hunkuyi in an haɗa 79,688 ne, ninki bakwai na tazarar da ta kayar da shi, kuma su biyun tsofaffin 'yan PDP ne. Masu rajistar zaɓe a jihar sun haura miliyan huɗu da dubu ɗari uku, waɗanda suka fito ba su kai kashi biyu cikin biyar ba.

A KOTU

PDP ta ƙi amincewa da sakamakon, ta yi zargin an yi aringizo a wasu wurare. Ranar 28 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta yanke hukuncin da ya rikita gari, har ɓangarorin biyu kowa ya fito yana murna. Kotun ta kori ƙarar ne a kan ƙa'ida, cewa lauyoyin masu ƙara sun shigar da takardar neman zaman share fage kafin lokacinta, saboda haka a idon doka an yi watsi da ƙarar. Sai kuma alƙalai biyu cikin uku suka ƙara da cewa, da ba don haka ba, da sun ce zaɓen bai kammala ba, a sake shi a wasu 'yan rumfuna. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da Uba Sani ranar 24 ga Nuwamba 2023, kotun ƙoli ta rufe maganar ranar 19 ga Janairu 2024. Magoya bayan Ashiru har gobe suna ganin an kayar da su ne a kan takarda, na Uba Sani kuma suna cewa doka doka ce. Zauren nan ba zai sake yanke hukuncin ba.

AN TAƁA YIN HAKA A 1979

Dattawanmu za su ce wannan ba sabon abu ba ne. A 1979, lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna, an yi zaɓuka ne mako-mako: sanatoci 7 ga Yuli, wakilai 14, majalisar jiha 21, gwamna 28. NPN ta yi rinjaye a zagayen farko, ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku na majalisar jiha. Kowa ya ɗauka Alhaji Lawal Kaita ya gama zama gwamna. Ranar 28 ga Yuli sai Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya kayar da shi da 'yar ƙaramar tazara, domin magoya bayan sauran jam'iyyu, da suka ga inda aka dosa, sun tattaru a bayan mutum ɗaya. Nasarar makonnin farko ita ta farkar da abokan hamayya. Shekara arba'in da huɗu bayan haka, abin da ya samu Kaita ya samu Ashiru, bambancin kawai a 1979 mai rinjayen ne ke da gwamnatin da ke tafe a tarayya.

Sauran labarin mun san shi. Majalisar NPN ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe, ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, Abba Musa Rimi ya ƙarasa zangon. Kaita ya dawo a 1983 ya ci, bayan PRP ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, a zaɓen da aka yi ta ƙorafi a kansa a faɗin ƙasa. Ya hau ranar 1 ga Oktoba, sojoji suka kifar da jamhuriyar ranar 31 ga Disamba. Kujerar da ya jira shekara huɗu, wata uku ya yi a kanta.

Tsakanin Kaita da Ashiru akwai jerin waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofar ba a buɗe ba: Farfesa Ango Abdullahi na SDP a hannun Dabo Lere a 1991, Hunkuyi na ANPP a 2003, Sani Sha'aban a 2007, Haruna Sa'id Kajuru na CPC a 2011. Wasunsu sun sake gwadawa a wasu jam'iyyu, ƙofar dai ba ta buɗe ba.

WAƊANDA SUKA FAƊI SUKA TASHI

In ana lallashin wanda ya faɗi, Buhari ake kawo masa misali, wanda daga gidansa na titin Sultan a garin nan ya yi takara a 2003 da 2007 da 2011 bai samu ba, sai a 2015. Ana cewa mahaƙurci mawadaci. Gaskiya ne, amma haƙuri kaɗai bai kai shi ba. Ƙuri'arsa, mafi yawanta daga Arewa, ta haura miliyan goma sha biyu a 2003 da 2011, abin da ya sauya shi ne haɗakar 2013 da ta kawo masa Kudu maso Yamma. A Nijar, Mahamadou Issoufou ya nemi shugabanci a 1993 da 1996 da 1999 da 2004, sai a 2011 ya ci, da Hama Amadou ya mara masa baya a zagaye na biyu. A Senegal, Abdoulaye Wade ya faɗi sau huɗu tun daga 1978, ya ci a 2000 da goyon bayan Moustapha Niasse. Raila Odinga na Kenya kuwa sau biyar ya tsaya bai samu ba. Waɗanda suka tashi bayan faɗuwa, kowannensu ya dawo ne da wata ƙuri'a da a da ba tasa ba ce.

A nan tarihin Ashiru yake da abin koyarwa. Sau biyu ya shiga babban zaɓe da jari iri ɗaya: ƙuri'ar Kudancin Kaduna da Chikun, tsohon ginin PDP a ƙauyuka, da fushin mutane ga gwamnati mai ci. Biyun farko sun isa su kai mutum bakin ƙofa. Na ukun kuwa aro ne, mai shi yana iya karɓe abinsa cikin mako uku, kuma ya karɓe. Wanda ke son shiga Gidan Sir Kashim daga adawa, sai ya ba mai shago a Kasuwar Barci da mai Keke Napep a Rigasa dalilin zaɓensa shi kansa, dalilin da zai tsaya ko bayan haushi ya huce, ya kuma shawo kan 'yan uwansa na adawa tun kafin a buga takardar zaɓe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ABIN DA YA SHAFE MU

Akwai abu ɗaya da ya kamata a rubuta wa Ashiru da magoya bayansa, ko mutum bai zaɓe shi ba. Mu da muka ga Afrilu 2011 mun san abin da faɗuwa zaɓe ke iya jawowa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a Arewa bayan zaɓen shugaban ƙasa, kaso mafi yawa a jiharmu, har sai da aka ɗage zaɓen gwamna zuwa 28 ga Afrilu. A 2023 tazarar ba ta kai ƙuri'a dubu goma sha ɗaya ba, zuciya ta yi zafi, an sa addini a tsakiya, amma rigimar a gaban alƙali ta ƙare, gadar kogi ba ta rufe ba. A jiha irin tamu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma namu kason. Alƙaluman nan sun nuna cewa unguwanninmu na arewacin kogi, tare da Igabi da Zariya, su ne ma'aunin da ke karkata zaɓen gwamna. 'Yan siyasa sun san haka, shi ya sa suke zuwa mana a makon ƙarshe da abin da suka san yana motsa mu. In har za a iya juya mu cikin mako uku ba tare da an yi mana maganar ruwan famfo da asibiti da makarantar 'ya'yanmu ba, to wanda ya ci ba zai ji yana bin mu bashin komai ba, wanda ya faɗi ma ba zai ga dalilin sauya salo ba. Kuma fiye da rabinmu ranar zaɓe a gida muke zama, a jihar da mutum ashirin da biyu a mazaɓa ke iya sauya gwamna.

Fili a buɗe yake. Waɗanda suka yi wakilcin jam'iyya a rumfa a 2019 ko 2023, ku faɗa mana abin da kuka gani a akwatinku tsakanin Fabrairu da Maris. Dattawan da suka ga 1979, muna jiran naku bayanin. A kiyaye dokar zaure, ban da zagi, ban da taɓa addinin kowa. Allah Ya zaunar mana da Kaduna lafiya, sai mako mai zuwa.